Shekarar da Muka Yi Gayya a Cikin Ruwa

Shekaranjiya Amira ta shigo gab da magariba, jakar makaranta a kafaɗa, ta sunkuyo tana leƙen tukunyar kunu, sai warin kulorin, maganin da ake zuba wa ruwan wurin iyo, ya buge ni daga cikin gashinta. Na ce, "Ke, ruwa kika shiga da azumi a bakinki?" Ta ba ni amsa da Turancin Birmingham ɗin nan nata mai fita ta hanci, wai ai bakinta a rufe yake tun da ta shiga har ta fito. Ta tsaya tana jiran faɗa. Ni kuwa dariya ce ta kama ni, har sai da na ajiye ludayi na dafa bango.

Azumin bana mai sauƙi ne. Ya faɗo a ƙarshen sanyi, yini gajere, ƙishirwa ba ta samun mutum, kafin ka gama abin da kake yi wayoyin gida sun ɗauki kiran salla. Amira ba ta san wani azumi ba sai irin wannan. Wanda warin gashinta ya tuno mini na tsakiyar zafi ne, a Manchester, lokacin ita tana tatata, a shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu har kowa ya ji a jikinsa.

Muna zaune a Moss Side a wani ɗan gida na ƙasa, ni da Baban Amira da Amirar da Gwaggo. Ina karatun digiri na uku a kan ƙasar noma, abin da mahaifina a Dambatta ya kasa ganewa har ya bar duniya, a ce mutum ya baro gona ya hau jirgi don ya je ya koyi ƙasa. Baban Amira yana aikin asibiti, mukan gan shi ne kamar baƙo. Gwaggo kuwa yayar mahaifina ce. Asali wajen ɗanta ta zo, Yaya Kabiru, akanta a Birmingham, amma gidansa na Small Heath mai matsattsen bene ne, banɗaki a sama, gwiwoyinta kuma sun ƙi hawa. Namu ba hawa ba sauka. Aka kawo ta da sunan wata biyu, ta zauna abinta. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. Uwata take ce mini, ko da faɗa za ta yi mini.

A shekarun nan kullum sai ka ji an rufe wani abu. Yau laburaren wata unguwa, gobe wurin wasan yara, jibi a rage motocin bas na wata hanya. Mu ma muka koyi zuwa kanti da yamma, lokacin da ake karya kuɗin burodi da kaza. Don in rage wa gida nauyi na samu ɗan aiki a cibiyar wasanni ta jami'armu, ina zama a teburin karɓar mutane, ina duba kati, ina miƙa makullan akwatin ajiye kaya.

Da na fara na ɗauka jami'a ce ke biyan komai, yadda na sani a gida: gwamnati ta gina, gwamnati ta gyara, in ta manta a zauna a jira. Denise, matar da ke riƙe da wurin, ta cire ni daga wannan tunani tun makon farko. Doguwa ce mai gajeren gashi, ba ta tafiya sai sauri, kofin shayinta kullum ya huce kafin ta tuna da shi. Ta ce da can haka ne, amma yanzu an ce sashen wasanni ya ciyar da kansa.

Na kuwa ga yadda yake ciyar da kan nasa. Babban zauren ƙwallon kwando ba ya hutawa. Lokacin jarrabawa a jera tebura a ciki, jami'a ta biya haya. Ranar Asabar a shimfiɗa kafet don kada tsinin takalma ya ɓata katako, a yi bikin aure, mu wuni washegari muna tsintar shinkafa. Da hutu iyaye su kawo yara su biya a gajiyar musu da su. Akwai masu yankan katin motsa jiki a farkon shekara da kyakkyawar niyya, su zo sau biyu su ɓace, kuɗi kuma ya ci gaba da fita daga asusunsu. Waɗannan Denise take ce wa waliyyanta. A saman ƙofar wurin iyo an liƙa sunan wani tsohon ɗalibi da haruffan tagulla, shi ya ba da kuɗin rufin. Ƙungiyoyin ɗalibai da jami'a ke taƙama da su kuwa kofin gasa suke kawowa, kofi kuma ba ya biyan kuɗin gas. Duk abin da aka tara, wurin iyo ne ke cinye rabi, don ruwan nan dare da rana ana ɗumama shi.

Ranar Lahadi bayan azahar awar mata ce. A saki labule a duk tagogi, a sa mata zalla su yi gadin ruwa, ba namiji ko inuwarsa. Wata gidauniya ce ta ɗauki nauyin awar, da sharaɗin mutanen unguwa su amfana, ba ɗalibai kawai ba. Nan na kai Gwaggo, bayan likitanta ya ce tafiya a cikin ruwa ce maganin gwiwar da ba ta iya ɗaukar nauyin mai ita.

Ranar farko sai da muka kusan raba hali. Ta tsaya a bakin ruwa cikin dogon wando da doguwar riga da hular roba, ta ce, "Uwata, da girmana ki kawo ni kududdufin Turawa? Abin da ban yi a rafin garinmu ba?" Na ce ta sa ƙafa ɗaya kawai. Ta sa, ta ji ɗumi, ta sa ɗayar. Da lokaci ya cika, sai da mai gadin ruwa ta busa usur sau biyu kafin Gwaggo ta fito.

Abin da ke damun Gwaggo ba ciwon ba ne. Kujerar ce. Tana da wata 'yar kujera mai naɗewa, ƙarfe da baƙar leda, a kanta take salla tun kafin ta baro gida. Ta san an halatta, ta ji malamai sun faɗa, amma ranta bai taɓa kwanciya ba. Takan ce, "Ni dai goshina ya manta ƙasa. Sai ka ce wadda ta zo gaishe da surukai, ina ɗan duƙawa daga nesa." Da ta yi watanni tana shiga ruwa, ta fara tsayuwa da ruku'u da ƙafarta, sujada kawai take komawa kujera. Wata ran na leƙa ɗakinta na tarar ta dafa gado tana gwada durƙuso. Ba ta ɓoye ba. Ta ce in Allah ya yarda, sallar idin bana a ƙasa za ta yi ta.

Sai azumi ya kama, ya zo da wani zafi da su kansu 'yan garin suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Gidajen nan an gina su ne don su riƙe ɗumi, suka kuwa riƙe. Bulo ya yini yana shan rana, ya kwana yana amayar da ita. Ciyawar filin ƙwallo ta koma ruwan ƙasa, kwalta ta yi laushi, cikin bas kamar an rufe tukunya. Ga rana ta ƙi faɗuwa. Agogonmu da na Kano ɗaya ne a wannan lokaci na shekara, sai in kira gida in ji sun sha ruwa, sun yi asham, ana kwashe kwanuka, ni kuwa rana tana nan zaune a tagar kicin ɗina tana kallona. Tsakanin buɗa baki da sahur ɗan taƙi ne, ciki bai gama sanin an ci ba za a ce a sake ci. Da la'asar harshe yakan manne da dasashi, in na ce wa mai kati "barka da zuwa" sai in ji maganar ta fito a bushe.

Duk da haka ina son azumin nan. Da na dawo aiki mukan baje a tsakar ɗaki ni da Gwaggo, taga a buɗe, ita tana surfa wake a roba don ƙosai, ni ina tace tsamiya, Amira tana kwashe waken tana zubawa a takalmin babanta. Maƙwabciyarmu 'yar Jamaika ta gane lokacinmu, da ta ga rana ta yi ƙasa sai ta miƙo ƙanƙara ta saman katanga. Ba mu da yawa, amma ban tuna ranar da muka kwana da ɓacin rai ba.

Lahadin farko ta azumi, mata uku suka zo iyo, cikinsu babu Musulma. Ta biyu, mace ɗaya. Na zauna a teburina ina kallon masu gadi biyu suna gadin ruwan da ba kowa, labule a sake, injin ɗumama yana ta gurnani.

Denise ta kira ni ofishinta. Ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce tallafin gidauniyar ya ƙare a wannan bazarar, shekarar kuɗi ta jami'a kuma a ƙarshen watan nan take rufewa, kowace awa sai ta nuna ana amfani da ita. Ga wata ƙungiyar maza masu tseren iyo tana neman yammacin Lahadi, za su biya na shekara gaba ɗaya. Ta ce, "Na san azumi kuke yi. Na faɗa wa na sama da ni. Amma su abin da za su gani shi ne ruwa mai ɗumi da ba kowa a ciki, a daidai watan da suke dubawa. Ki ba ni mutane, Bilkisu, in samu abin da zan tsaya a kai."

Na san dalilin da ya hana masu azumi zuwa, tsoron kada ruwa ya wuce maƙogwaro. Amma akwai wani dalilin da ba zan iya yi wa Denise bayaninsa ba, kuma yana zaune a gidana. Gwaggo ba ta azumi. Ciwon sukari ne da ita, likita ya hana, ta yi kuka ta haƙura, Yaya Kabiru yana ciyarwa a madadinta. Daga ni sai shi sai Baban Amira muka sani. Da rana takan shiga ɗaki ta tura ƙofa ta ci ɗan abin da zai riƙe ta, ta goge baki ta fito. Da magariba ta zauna da dabinonta a hannu tana jiran kira kamar kowa. Kuma tun da azumi ya kama ta ƙi zuwa ruwa, gwiwoyin suka fara komawa gidan jiya. Na ga ta daina ruku'u a tsaye.

Na same ta a ɗaki na ce, "Gwaggo, ke da ba abin da zai hana ki, me ya sa ba za ki je ba?"

Ta ce, "A ga tsohuwa kamata ta fito daga wanka da rana tsaka a watan azumi? Duk wadda ta gan ni a bas stop da jiƙaƙƙen kai ta gama sanin komai. Kafin magariba labari ya kai Birmingham."

"To ai lalura ce, ba laifi ba."

"Na sani. Amma lalurata tawa ce, ba ta unguwa ba."

"In ba a je ba za a ba wa maza awar. Shi ke nan, babu ita har abada."

Ta daɗe tana kallon kujerarta da ke jingine a bango. Ta ce, "To a ba su. Dama Allah bai ce sai na kai ƙasa ba." Ta faɗa ne a hankali, kuma maganar ta yi mini ciwo fiye da in da ta yi faɗa.

Washegari na tafi wajen Anti Larai. Ungozoma ce, ta fi kowa daɗewa a garin cikin matanmu, rabin yaran Hausawan Manchester a hannunta suka faɗo, saboda haka babu mijin da ke iya ce mata a'a. Na gaya mata zancen awar da ƙungiyar masu tsere. Ban ambaci Gwaggo ba ko da wasa. Ta saurare ni tana yanka kuɓewa, ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Maman Amira, su waye ke zuwa session ɗin nan da ma? Masu ciki, masu jego, masu sugar, masu hawan jini. Waɗanda GP, likitan unguwa, ya turo. To wace ce a cikinsu za ta je yanzu ta tallata kanta?"

Ta ajiye wuƙar ta dube ni.

"A garinku in gonar mutum ta fi ƙarfinsa, ya ake yi?"

Na ce, "Gayya."

"To gayya za mu yi. Kowa ta shiga, mai azumi da marar azumi. In duk unguwa ta jiƙe, sai in ga wadda za a nuna."

Ta kira wani malami a waya a gabana, ta sa shi a sifika. Ya ce shiga ruwa ba ya karya azumi muddin ba a haɗiya ba, sai dai a kiyaye, barin nutso ya fi. Ta ce masa ai ba kifaye ba ne mu, tafiya za mu yi. Daga nan ta bi gida-gida a waya. Doka biyu ta kafa: ba mai nutsa kai, kuma ba mai tambayar wata komai.

Da na gaya wa Gwaggo, ta ce, "Har da Larai? Da azuminta?" Na ce har da ita. Ta ce to in dai taimakon jama'a ne, ba za a ce ita ta ƙi ba. Ta aike ni in duba ko hular robarta ta bushe.

Ranar Lahadi na nemi wata ta riƙe mini tebur, na shiga tare da su. Matan likitoci, ɗalibai 'yan'uwana, wata injiniya da cikinta ya fito, tsofaffi uku, har da waɗanda ba su taɓa taka wurin ba. Kowa ta yanki tikitinta a ƙofa. Na sa ƙafa a ruwan nan da azumin yini a jikina, na ji kamar fatata ce take sha. Ya hau gwiwa, ya hau ƙugu, ya tsaya a ƙirji. Ƙishirwar ba ta tafi ba, tana nan a maƙogwaro, ga ruwa har haɓa kuma ba halin taɓawa. Amma zafin da ya yi kwana da kwanaki a ƙashina ya fita.

Abin da ba mu shirya masa ba shi ne shirun. Kowa ta damƙe leɓɓanta don tsoron ɗigo ɗaya. Matan Hausawa cike da wuri, an haɗu bayan an kwana biyu ba a ga juna ba, amma ba "ina wuni," ba "ya yara," ba "ya ibada." Muka jeru muna tafiya daga wannan bango zuwa wancan, haɓa a sama, hannuwa a buɗe, ana gaisawa da gira. Ba ka jin komai sai motsin ruwa. Na waiga na ga Gwaggo a tsakiyar layi, ta fi kowa damƙe baki, har kumatunta sun kumbura, ita da ta sha shayi da burodi kafin mu fito. Dariya ta taso mini, ga ba halin buɗe baki, sai ta fita ta hanci. Anti Larai ta harare ni, ita ma kafaɗunta suna rawa.

Denise ta leƙo ta tsaya a bakin ƙofa, kofi a hannu. Daga baya ta tambaye ni ko wata ibada ce muke yi, don ta saba in matanmu biyar suka shiga ruwa ana jin su daga wurin ajiye motoci. Na ce mata ta jira mu a ɗakin canza kaya. Can kuwa duk gaisuwar da aka riƙe ta ɓalle gaba ɗaya, har mai shara ta leƙo ta ga ko lafiya.

Muka fito tare, muka tsaya a tashar bas tare, kowa da danshi a gefen ɗankwali. Gwaggo ta tsaya a tsakiyarmu tana ba wata amarya shawarar yadda ake kunun gyaɗa da ba ya tsinkewa.

Lahadin da ta biyo baya sai ga matar Yaya Kabiru ta ciko mota daga Birmingham, ita da ƙawayenta na Small Heath da Balsall Heath. Labari ya kai can ɗin kamar yadda Gwaggo ta yi tsoro, sai dai labarin gayya ne. Suka zo da garin gero da daddawa da naman rago daga shagunan unguwarsu, suka shiga ruwa da mu, sannan aka dunguma gidana. Ban san yadda ɗan kicin ɗin nan ya ɗauke mu ba. Wata tana suyar ƙosai, wata tana tuƙa tuwo a tsugune, biyu suna fere doya a bakin ƙofar baya, tururi ya haɗu da zafin gari har gilashin taga yana zufa. Gwaggo tana kan kujera tana ba da umarni, ba ta yarda ta ɗanɗana gishirin miya ba, wai kada ta karya azumi. Da rana ta ga dama ta faɗi, muka zauna a ƙasa gwiwa da gwiwa. Kurɓin farko na kunun tsamiyar ranar har yau ina jin saukarsa.

Haka muka yi har azumi ya ƙare. Ana saura 'yan kwanaki salla Denise ta tsaya a teburina, ta ce an bar mana awar. An ba masu tseren safiyar Lahadi, sun yi gunaguni sun karɓa. Kuɗin tikiti zai ɗan ƙaru, kuma za a sake dubawa baɗi. Ta ƙara da cewa ta ji masallacinmu yana neman wurin sallar idi saboda an ce za a yi ruwa, zaurenta kuma ba kowa a safiyar, in suna so ga farashi. Denise ba ta taɓa barin zaure ya kwana da yunwa ba.

Sai bayan shekaru, a zaman makokin Gwaggo a gidan Yaya Kabiru, Anti Larai ta jawo ni gefe muna wanke kofuna. Ta ce, "Kin san shekarar gayyar nan ni ma ban yi azumi ba? Ƙoda ce ta sa ni gaba. Ruwan nan nake so kamar me, na rasa yadda zan yi in je, sai ga ki Allah ya kawo." Na ce ashe ni aka yi wa wayo. Ta ce ita dai ba ta tambayi kowa ba, kuma ba wadda ta tambaye ta.

Ranar salla aka tashi da ruwa, na farko tun kamawar azumi. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo ta taga, na tsaya ina shaƙa, don ko a Moss Side ƙasa ƙasa ce. Muka tafi cibiyar wasanni cikin lema da leshi, ni ina riƙe da Amira a hannu ɗaya, kujerar Gwaggo a ɗayan. An shimfiɗa zannuwa a zauren, maza a gaba ƙarƙashin ragar ƙwallon kwando, mu a baya. Ruwa yana dukan rufin, takalma sun taru a ƙofa. Sahunmu ya faɗo a inda shimfiɗa ta ƙare, jan layi da shuɗi na filin wasa suna ratsawa a gabanmu. Na buɗe kujerar na ajiye a bayan Gwaggo, na shimfiɗa mata darduma. Ta sa ƙafa ta ture dardumar gefe.

Liman ya yi kabbara. Gwaggo ta tsaya, ta yi ruku'u, ta ɗago. Da aka tafi sujada, Allah ya yafe mini, rabin hankalina yana kanta. Na ji hannunta ya dafa kafaɗata da nauyinta duka, na ji gwiwa ɗaya ta yi ƙara ta sauka, ɗayar ta biyo ta, na ji numfashinta yana fita da ƙyar. Sai na ji ɗan sautin goshi ya taɓa katako. Liman ya ɗago, sahu ya ɗago, Gwaggo ba ta ɗago ba sai da ta ga dama. Raka'a ta biyu ba ta iya miƙewa ba, a zaune ta yi ta a ƙasa, amma da aka zo sujada ta sake kai goshinta, a kan jan layin nan daidai.

Aka sallame. Fuskarta jiƙe take, ba ta goge ba. Ni ma kuka nake yi, na murna, ban damu da wa ke kallo ba. Ni da Anti Larai muka kama ta, ɗaya a kowace hammata, muka ɗaga ta tana ce mana mu bi a hankali, ba buhun gero ba ce. Ba warkewa ta yi ba. Da sanyi ya shigo sai da muka sayi wata kujerar, kuma har ta rasu wata rana ƙasa, wata rana kujera. Amma a safiyar nan ba wanda ya isa ya gaya mata haka.

Mutane suka fara fita. Na naɗe kujerar zan saɓa, sai ta riƙe hannuna. Denise tana tsaye a bakin ƙofa da makullai, tana jiran mu fita a kwashe zannuwa kafin 'yan ƙwallo su iso.

Gwaggo ta ce, "Uwata, wancan mutumin da aka rubuta sunansa a saman ƙofa, me kika ce ya ba su?"

Na ce, "Kuɗin rufi."

"To kai wa matar nan wannan. Ki ce mata inji ni. Sun shekara suna ɗumama mini ruwa, ni ma ga tawa gudummawar."

Na kai. Na yi wa Denise bayani iya yadda zan iya. Ta dubi kujerar, ledarta duk ta tsage a gefe, ta dubi Gwaggo, ta ajiye kofinta a ƙasa ta karɓa da hannu biyu. Har na gama karatu na bar Manchester, kujerar tana bakin ruwa, jingine da bango ta wajen matakala. Duk tsohuwar da ta fito daga ruwa a kanta take zama ta huta kafin ta sa takalmi.